Likita Ya Tafi Taro: Me Zai Dawo Mana Da Shi?

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Akwai wata amsa da majinyata da yawa suka sha ji a ƙofar ofishin likita: "Ba ya nan, ya tafi taro." Wanda ya yi sammako daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, ya yi layin kati, idan ya ji haka dole ransa ya ɓaci, kuma ba mai ganin laifinsa. To me ake yi a tarukan nan? Me talaka ke samu daga zaman da masana ke yi a Abuja ko Kigali ko Alƙahira? Za mu duba wannan ta fuskar taimakon gaggawa, wato kulawar da ake ba mutum a mintoci da awannin farko bayan haɗarin mota, ko zubar jini bayan haihuwa, ko jijjiga, ko saran maciji, ko shaƙewar numfashin yaro.

Matsayina a fili yake tun daga farko. Taron ƙwararru yana da amfani ƙwarai, kuma ya kamata ma'aikatanmu su riƙa zuwa. Amma ladan tafiyar ba ya cika sai abin da aka jiyo ya canza yadda ake karɓar mara lafiya a asibitin da aka baro. Amfanin ilimi aiki da shi.

Bari mu fara da abin da ke gudana a cikin zauren. Watanni kafin ranar taro, masu shirya shi kan yi shela cewa duk wanda ya gudanar da bincike ya aiko da taƙaitaccen bayaninsa. Kwamitin masana ya zauna ya tace. Wanda aikinsa ya tsallake, a ba shi 'yan mintoci ya tsaya gaban takwarorinsa ya faɗi abin da ya gano. Wasu kuma a ba su allo su manna sakamakonsu a babbar takarda, su tsaya a gefe suna amsa tambayoyi. Tambayoyin kuwa ba sani ba sabo. Mutum nawa ka gwada a kansu? Da su wa ka kwatanta su? Wa ya biya kuɗin binciken? Nawa ne kuɗin maganin? Na'urar tana aiki idan an ɗauke wuta? A nan ake raba tsaki da tsakuwa, kafin a kai ga taɓa jikin mara lafiya.

Bayan jawabai akwai ɗakunan koyo da hannu. Can za ka ga babban likita ya naɗe hannun riga yana danna ƙirjin mutum-mutumin roba, nas tana koyon zura bututun numfashi, wasu suna atisayen yadda za su karɓi mutum talatin a lokaci guda idan babbar mota ta kife. Shi ya sa majalisar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya take neman likita ya nuna makin ƙarin ilimin da ya tara kafin ta sabunta masa lasisi. Ilimin likitanci yana tsufa, kuma abin da aka koyar shekara ashirin da suka wuce wani an gyara shi, wani an soke shi ɗungurungum.

Ga misalin abin da haɗuwar mutum biyu a taro ta haifar. A shekarar 1956, a taron likitocin da ke sa majinyata barci a ɗakin tiyata da aka yi a birnin Kansas na Amurka, Dakta Peter Safar ya haɗu da Dakta James Elam. Shi Elam ya riga ya nuna cewa iskar da mutum ke fitarwa daga ƙirjinsa tana da sauran oksijin da za ta iya riƙe ran wani. Safar ya koma birnin Baltimore ya gwada, ya tabbatar cewa idan aka ɗaga haɓar wanda ya suma aka karkata kansa baya, hanyar numfashi tana buɗewa, a hura masa iska baki da baki. A 1960 wasu masana uku na asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa danna ƙirji yana tura jini ko da zuciya ta tsaya. A watan Satumba na wannan shekarar, a wani taron likitocin jihar Maryland, aka gabatar da dabarun biyu tare. Wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Nowe, Asmund Laerdal, shi ya ƙera mutum-mutumin da ake koyarwa da shi. Yau ana koya wa 'yan makaranta da direbobi da 'yan sanda wannan dabara ta farfaɗo da zuciya a duk faɗin duniya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, shekaru da yawa irin waɗannan taruka a Turai da Amurka ake yinsu, ana magana kan asibitocin da wuta ba ta yankewa, motar asibiti kuma tana isa cikin mintoci. Likitanmu ya je ya saurara, ya dawo ya tarar da abin da ya jiyo bai dace da inda yake aiki ba. Wannan ne ya sa a shekarar 2009, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka kafa Tarayyar Ƙwararrun Taimakon Gaggawa ta Afirka, wadda ake kira AFEM. Ta fara babban taronta a Akra ta Ghana a 2012, sannan Addis Ababa a 2014, Alƙahira a 2016, Kigali a 2018, tana zagaya nahiyar duk bayan shekara biyu. Tana da mujallar bincike da kowa zai iya karantawa kyauta a intanet, tana kuma da tsarin da masu hali ke ɗaukar nauyin ma'aikatan da ba su da kuɗin zuwa taron.

Ghana, inda aka fara taron, tana da nata tarihin a wannan fanni. A ranar 9 ga Mayu 2001, mutum 126 suka rasu a turmutsutsun filin ƙwallo na Akra. Bayan wannan musiba ƙasar ta kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004, sannan a 2009 asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi ya fara horar da likitocin da taimakon gaggawa ne fanninsu kacokan, da haɗin gwiwar Jami'ar Michigan. Wanda ya je taron Akra ya ga abin da maƙwabta suka gina da hannunsu, kuma gani ya kori ji.

Duniya ma ta farga. A 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kira ga kowace ƙasa ta gina tsarin taimakon gaggawa. Masana sun ƙiyasta cewa fiye da rabin mace-macen da ake yi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna faruwa ne daga larurorin da taimakon gaggawa zai iya magancewa. Haɗarin mota kaɗai yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a duniya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya ɗanɗana kuɗarta.

Idan aka ce sabuwar dabara, hankalin mutane yakan tafi kan na'ura mai tsada. Amma dabarar farko da zan ambata ba ta cin ko batir. Ita ce tantance majinyata tun daga ƙofa. A asibitoci da yawa wanda ya riga zuwa shi ake fara gani, kamar layin banki, alhali yaron da ke can ƙarshen layi a bayan mahaifiyarsa numfashinsa na gab da ɗaukewa. A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sake tsarin karɓar yara a wajejen shekarar 2001. Aka horar da ma'aikata su duba kowane yaro da isowarsa, su ja wanda ke cikin haɗari gaba, aka kuma tanadi ɗakin farfaɗowa kusa da ƙofa. Kafin gyaran, cikin yara 100 da aka kwantar, tsakanin 10 zuwa 18 ke rasuwa. Bayan gyaran adadin ya koma tsakanin 6 zuwa 8.

A Afirka ta Kudu an tsara ma'aunin tantancewa mai launuka. Nas ta auna bugun jini da numfashi da zafin jiki, ta duba ko mutum yana cikin hayyacinsa, sai ta ba shi launi. Mai ja a gan shi nan take. Mai ruwan lemo kada ya wuce minti 10. Mai ruwan ɗorawa cikin awa ɗaya, mai kore kuma zai iya jira har awa huɗu. Ta hanyar taruka da horo wannan ma'auni ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Saboda haka, ɗan uwa, idan kana zaune a emajansi ka ga an shigar da wanda ya zo bayanka, kada ka yi saurin cewa son kai ne. Mai yiwuwa an ga abin da kai ba ka gani ba, kuma ranar da naka ne a wannan hali, shi ma haka za a ja shi gaba.

Taro yana kuma koya wa likita abin da zai daina. An daɗe ana koyarwa cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa mai yawa da sauri ta jijiya. Haka littattafai suka ce, haka kowa ya yarda. Sai aka gwada a kan yara sama da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland. Sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza likitocin yara: cikin kwana biyu, kusan yara 11 cikin 100 da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, a ɓangaren da aka sa musu ruwan a hankali kuwa, 7 cikin 100. A lura da kyau, binciken bai haɗa da yaran da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba, su kam ruwa ne maganinsu. Darasin dai shi ne abin da aka gwada a ɗakin kulawa ta musamman a Turai ba lallai ya dace da yaron da maleriya ta shanye wa jini a nan ba. Likitan da ba ya zuwa taro, ba ya kuma karanta abin da aka fitar, zai ci gaba da cutarwa da kyakkyawar niyya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo gida, mu tsaya a kan matsalar da kusan kowane dangi a ƙasar Hausa ya san zafinta: zubar jini bayan haihuwa. Ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Tana samun mata kusan miliyan 14 a shekara, tana ɗauke kimanin 70,000. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 sun rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Mace lafiyayya, idan jini ya ɓalle mata ba a tare ba, tana iya rasuwa cikin awa biyu.

Magungunan tsayar da jinin sun daɗe a hannu. Akwai allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke. Akwai kuma tiranezamik asid, mai hana gudan jini narkewa. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin wannan allura a kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata masu yawa. Aka ga idan an yi allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. To idan maganin yana nan, me ya sa mata ke ta mutuwa a cikin asibiti?

Amsar tana wurin ido da kuma jinkiri. Ungozoma takan kalli jinin da ke kan gado da zane da ƙasa ta ƙiyasta yawansa, ido kuwa yana raina jini. Kafin a yarda cewa ya yi yawa, an makara. Idan ma an gane, sai a gwada magani ɗaya a jira, idan bai yi ba a gwada na biyu a sake jira, jini kuma ba ya jiran kowa.

Wasu masana, ƙarƙashin Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tsara wani gwaji mai suna E-MOTIVE. A Najeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagorance shi. Dabarar kashi biyu ce. Na farko, wata ledar shimfiɗa mai aljihu kamar mazurari, da layukan awo a jikinta. Da zarar jariri ya fito sai a shimfiɗa ta ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru a aljihun, ungozoma ta karanta adadin da idonta. Idan ya kai rabin lita, ko bai kai ba amma jikin matar ya nuna alamun haɗari, an daina shakka. Na biyu, a yi duk matakan a tare cikin kusan minti 15: a murza mahaifa ta saman ciki, a ba da maganin tsuke ta, a yi allurar tiranezamik, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, idan jinin bai tsaya ba a kira babban likita ko a wuce tiyata.

An gwada wannan a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, kusan rabin matan da jini ya ɓalle wa ne kawai aka gane. A waɗanda suka yi amfani da ledar, an gane fiye da 90 cikin 100. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. An bayyana wannan sakamako a watan Mayun 2023, a lokacin babban taron duniya kan lafiyar mata masu haihuwa da jarirai a Cape Town, inda jami'an lafiya da masu ba da tallafi daga ƙasashe da dama suke zaune. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da dabarar cikin shawarwarinta.

Ku duba wannan da kyau, jama'a. Ungozomomin ɗakunan haihuwarmu ne suka auna jinin, suka cike takardun dare da rana. Matanmu ne suka haihu a kan ledar. Malama daga Kano tana cikin waɗanda suka tsaya gaban duniya da sakamakon. Wannan shi ne zuwa taro na mutunci: ka je da abin da ka gano a gida, ka karɓo na wasu, a yi musaya. Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce: waɗannan allurai aikin ma'aikatan lafiya ne, kada kowa ya saye su a kemis ya yi wa mai jego a gida.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Taimakon gaggawa yana farawa tun kafin a isa ƙofar asibiti, kuma a nan ma taruka sun yaɗa dabarun da suka dace da mu. A Ghana masu bincike sun lura cewa direbobin haya ne ke kai yawancin waɗanda suka yi haɗari asibiti. Sai aka koya wa direbobi sama da 300 taimakon farko a kwas na awa shida: yadda ake danne jini, yadda ake buɗe hanyar numfashi, yadda ake ɗaure karaya. A arewacin Najeriya, a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, 'yan yuniyon, aka horar da direbobin sa-kai su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda mai wuya zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Tukuicin direban shi ne idan ya koma tasha a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. A ɗaya gefen kuma akwai jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline, da suka fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, suka shiga Ghana a 2019, suka iso jihar Kaduna a 2022. Da direban tasha da jirgin sama, matsala ɗaya suke yaƙa, wato nisan da ke tsakanin mai zubar jini da wurin ceto.

Yanzu ina da magana da 'yan uwana ma'aikatan lafiya masu zuwa taro. Wanda aka tura taro kamar yaron da aka aika ɗebo wuta ne a maƙwabta: gida na jira da tukunya a kan murhu, idan ya tsaya hira a hanya garwashin zai mutu a hannunsa. Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai masu zuwa don alawus da jaka da satifiket, su sa hannu a rajista da safe su wuce kasuwa. Wannan cin amanar majinyatan da aka bari a layi ne.

Kafin ka tafi, zauna da abokan aikinka ku fitar da matsala ɗaya da ta fi kashe muku mutane, ka tafi neman amsarta. Ka kuma tabbatar an san wanda zai riƙe majinyatanka har ka dawo. A can, ka nemi waɗanda asibitinsu ya yi kama da naka, mutumin Malawi ko Habasha ko Nijar da shi ma yake fama da yankewar wuta da ƙarancin jini, ka karɓi lambarsa. Idan ka shiga rumfunan kamfanoni masu tallar na'urori, ka tambayi inda ake samun kayan gyara da wanda zai gyara, domin asibitocinmu cike suke da injinan da suka mutu saboda rashin ɗan ƙaramin abu. Idan ka dawo, kada mako biyu su wuce ba ka tara ma'aikata ka koyar da abin da ka jiyo ba, har da masu gadi da masu tura gado, don su ne mutanen farko da mai larura ke gani. Sannan ku zaɓi canji ɗaya ku fara, ku riƙa rubuta sakamako. Wannan rubutun shi ne abin da za ka kai taro na gaba.

Ga shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya kuma, ina roƙo a duba wa ake turawa. Nas da ungozoma da jami'in lafiyar karkara su ne ke tare da mara lafiya a awannin farko, amma sau da yawa manyan da suka daɗe da barin bakin gado ne ke samun kujerar jirgi. A raba damar da adalci, a sa mata a ciki, a tuna da asibitocin ƙananan hukumomi. Idan kuɗin tafiya ya gagara, taruka da yawa yanzu ana bin su ta intanet, ɗaki ɗaya da majigi sun ishi mutum ashirin. Akwai kuma kwas ɗin taimakon gaggawa na matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya, wanda aka tsara don wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. Kuma idan ma'aikaci ya dawo da dabara mai kyau, a saya masa ledar, a ajiye masa allurar a kabad ɗin gaggawa, kada a bar shi da takarda a hannu.

Ku kuma masu sauraro, kuna da haƙƙi kuna da aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗura kuma 122. Masu jinmu a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ku nemi lambar yankinku ku ajiye a waya tun kafin buƙata ta taso.

Idan kun tarar da haɗari, ku fara tsare hanya kada wata motar ta ƙara afkawa. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, kansa da wuyansa da bayansa a miƙe, kada a ɗura masa ruwa a baki. Mai jijjiga kada a cusa masa cokali, kada a yi masa hayaƙi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi gefe. Saran maciji, ko kububuwa ce ko gamsheƙa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi a garzaya asibitin da ke da maganin dafi, irin na Kaltungo a jihar Gombe. Mai jego da jini ya jiƙe zane bayan zane, ko ta ce jiri take ji, kada a jira gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Magidanta, ku ba da izini tun cikin yana ƙarami, ku ware kuɗin mota, ku san direban da za a kira da wanda zai ba da jini.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha da ƙungiyoyin mata: ku je asibitin da ke kusa da ku, ku nemi a turo ma'aikaci ya koya wa jama'arku taimakon farko, ko da na yini ɗaya ne. Ku tambayi kwamitin asibitin ko ana tantance majinyata daga ƙofa, ko ɗakin haihuwa yana auna jini. Matasa masu lafiya kuma ku riƙa ba da gudummawar jini tun ba naku ne a kwance ba. Ilimin ceton rai yana nan, an gwada shi, wani ma a garuruwanmu aka gwada shi. Abin da ya rage shi ne mu nace sai ya iso inda muke.

A nan za mu dakata. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane alamun haɗari a jikin jariri a kwanakinsa bakwai na farko. A madadin duk waɗanda suka haɗa hannu wajen kawo muku shirin, nake cewa Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.  

(Kiɗan rufe shiri)